Ɗan Fulani, Rage wa Injin Nan Kunne

Ɗan Fulani, ina kwanan shanu? Da su na fara don na san su ne manyan gida, iyali sai su biyo baya.

Labarinka ya cika kasuwar Sukukutane, ya haura Dogon Kiriya, har direbobin Matankari sun ɗauka suna raba wa fasinja kyauta. Wai ka sayar da bijimi. Kai! Kai da ranar sunan ɗanka na fari sai da dattawa suka sa baki kafin ka saki rago? Ka sayar da bijimi sukutum, ka sayi injin neman zinariya a hannun wani yaro da ya dawo daga hamada, saboda 'yar Fulani ta yar da ɗan kunnenta guda na zinariya da tsohuwar dalar azurfa da ke maƙale a kitsonta, tsakanin rijiya da ruga, ranar da ta dawo tallan nono. Da ka zo ka tambayi ubangidanka, da na gaya maka kuɗin bijimin nan zai sayo mata 'yan kunne, har a rage na kishiyar da ba ka kai ga yi mata ba. Amma ina, filako ya hana ka tambaya.

Waɗanda suka gan ka sun ce tun asuba kake fita, malfa a ka, abin sauraro a bisa malfar, inji yana ta tsuwwa ba ji ba gani, kai kuma duk taku biyu sai ka durƙusa ka hau tono. Na leƙa buhun da kake tara ganimar. Ga ƙusoshi masu tsatsa, ga marfin kwalbar lemo, ga gwangwanin tumatir da ya lotse, ga guntun hauya, ga takardar magi a cukuikuye, ga wani dunƙulen kashin maƙera baƙi ƙirin da aka ce ka wanke da sabulu ka shanya kana jiran ya yi ja. Gonakin mutane kuwa sun koma ramuka, har jakin wani bawan Allah ya gurɗe.

Kada ka ɓata rai. Wasan Ba'are da Bafillace ya girmi ni da kai, kuma tun 2014 UNESCO ta sa taubasantakar Nijar cikin gadon al'adun duniya. Ba alƙali, ba jandarma, ba inda za ka kai ƙarata. Gyara zama ka sha karatu.

Injin da ke hannunka X-Terra 705 ne, na kamfanin Minelab na ƙasar Ostareliya, in dai ba jabu aka liƙa maka ba, don jabun injunan nan sun yi yawa a Afirka har kamfanin da kansa ya yi kuka. Irinsa ne, da yayyensa masu tsada irin su GPX 4500 da GPX 5000, suka cika Agadas lokacin da zinariya ta ɓulla a Jado cikin watan Afrilu na 2014, sannan a Cibarakaten can kusa da iyakar Aljeriya. Kafin nan an yi ta a Sudan da Cadi, bayan nan ta kai Muritaniya a 2016. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, yara da yawa suka dawo gida, wasu da mota, wasu da bashi, wasu da inji kawai suna neman wanda za su sauke wa. Allah ya haɗa ɗayansu da kai.

Duk da haka ka taki sa'a. Da GPX ya ba ka, da ka tone Arewa kaf. Shi wancan an ƙera shi ne don ya jiyo ɗanyar zinariya can ƙasa cikin duwatsu, kuma bai cika bambanta ƙusa da zobe ba, komai ya ji sai ya kira ka. Naka yana da hanya biyu, ta masu haƙar zinariya da ta masu neman kwabo da kayan ado. Yaron ya bar maka shi a ta farko, wadda yake aiki da ita a hamada, inda mutum zai yi tafiyar yini bai ga ko gwangwani ɗaya ba. Kai kuma ka shigo da shi bakin rijiyar da mutane da dabbobi suke taruwa tun zamanin kakanni. A hanyar farko inji yana ta gunji ne a kunnenka, ba ya nuna maka lambar abin da ya ji. Hanya ta biyu, mai hoton kwabo, ita ce ta dace da kai. In ba ka gane hoton ba, kira ɗan makarantar nan naka da kake cewa boko ya lalata.

Sai maganar kaifin ji. Maɓallin yana tafiya daga 1 zuwa 30, kuma na rantse ba sai na duba ba, a 30 ka kafe shi. Halinka ne: shayi sai ya yi ɗaci, rediyo sai ya ƙure. A tunaninka in ka ƙure shi zai jiyo zinariya har Binin. Abin da yake jiyowa shi ne ƙasar kanta, da hasumiyar salula, da wayar da ke aljihunka. Ɗan ƙaramin kukan ɗan kunne sai ya nutse cikin wannan hayaniya, ka wuce ta kansa kana tsaki. Ka tsaya wuri ɗaya, ka danna maɓallin da ke sa inji ya zaɓi tashar da ba ta da ƙara, sannan ka riƙa rage kaifin jin kaɗan kaɗan har ya yi shiru, ba ya magana sai ya hau kan ƙarfe. Abin da ya faɗi makon jiya bai yi nisa ba. Ko shanunka sun tattake shi, bai wuce zurfin yatsa uku ko huɗu cikin rairayi ba. Kai kuma kana haƙa har gwiwa. Wa ya gaya maka ɗan kunne yana da farce?

Kafin ka zargi inji, dubi jikinka. Adda a kafaɗa, wuƙa a damtse, zoben azurfa a yatsa, waya a aljihu, butar shayi tana reto a ƙugu. Abu guda da ka yi daidai shi ne takalmin roba, shi ma ba don ilimi ba, don rowa. Kuma ba kai ne farkon wanda irin wannan ta ci ba. A 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, harsashi ya maƙale a jikinsa, likitoci suka rasa inda yake. Alexander Graham Bell, mutumin da aka sani da wayar tarho, ya kawo na'urar da ya haɗa don ta jiyo harsashin. Na'ura ta yi ta ƙara a wurare barkatai, sai daga baya aka lura gadon da shugaban yake kwance a kai yana da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin katifa. Garfield ya rasu cikin watan Satumba na shekarar. To, in mai ilimi irin Bell ya sha kunya a hannun gado, kai da ka rataya rabin maƙera a jikinka fa? Tuɓe su duka ka aje nesa, har da hauyar tonon, kada ka riƙa jan ta kusa da faifan injin.

Ƙasarmu ma tana da nata halin. Ka san jigawa, ka san fako, ka san jar marmara da baƙar tsakuwar da ke gangarowa daga tudu, tunda kullum kana ratsa su da dare in za ka shiga gonar wani. Jar nan da kake gani ƙarfe ne a cikinta. Daga irin duwatsun nan maƙeran dauri suke fitar da tama suna narkawa, shi ya sa kashin maƙera yake warwatse a tsofaffin kufai. Inji yana jin wannan ƙarfen na ƙasa, kuma sai an koya masa ya yi biris da shi. Nemi wuri mai tsabta inda ba ya kuka, danna maɓallin daidaita ƙasa, ka riƙa ɗaga faifan kana saukewa a hankali, daga dab da ƙasa zuwa kamar santimita 10, har muryarsa ta daina hawa da sauka. In ka tashi daga rairayi ka hau fako, sake yi. In ka iso bakin rijiya, inda ƙasa take jiƙe da ruwa da fitsarin shanu da kanwar da kake ba su, sake yi, ka kuma ƙara rage kaifin ji, don jiƙaƙƙiyar ƙasa mai gishiri ita ma tana sa shi surutu.

Yanzu ga inda ka yi babbar ɓarna, kuma a nan nake so ka buɗe kunnen nan da ba ya jin kiran mai gona. An ce da ka gaji da tono takardar magi, wani mai gyaran waya ya juya maka shi hanya ta biyu, ya nuna maka yadda ake toshe wa inji baki a kan ƙananan lambobi. Ka ji daɗi, ka toshe su duka, ka bar manya kawai, wai kai babban abu kake nema. Inji ya yi tsit, ka ce yanzu ya yi hankali. Ɗan Fulani, a ranar ka sallami ɗan kunnen matarka da hannunka.

Injin nan bai san zinariya ba. Bai san launi ba, bai san tsada ba. Waya ce aka naɗe cikin faifan, tana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, in ya tarar da ƙarfe sai ƙarfen ya amsa, inji ya auna amsar ya ba ta lamba. A naka lambobin suna farawa daga 8 ƙasa da sifiri su kai 48. Baƙin ƙarfe, irin ƙusa da guntun hauya, yana faɗawa ƙasa da sifiri. Azurfa da jan ƙarfe, in suna da girma, suna hawa can sama, don lantarki yana gudu a cikinsu ba wahala. Zinariyar ado fa? Ita ba tsantsa ba ce, maƙeri ya gauraya ta da wasu ƙarafa don ta yi ƙwari, ga ta kuma 'yar mitsitsiya. Sai ta sauka a ƙananan lambobi, daidai unguwar da takardar magi, da takardar cikin kwalin taba, da bayan fakitin ƙwayar magani, da guntayen alminiyam suke zaune. Ba maɓallin da zai raba su. Masu wannan sana'a a Ingila da Amurka, masu injunan da suka fi naka tsada nesa ba kusa ba, haka suke tono tarkacen alminiyam tuli kafin su ga zobe ɗaya. Wanda ya ƙi tono shara ba zai ga zinariya ba, iyakar maganar ke nan. Toshe abin da ke ƙasa da sifiri kawai, sauran duka ka buɗe. Duk abin da ya yi kuka iri ɗaya, ka bi ta kansa daga gabas ya amsa, ka juyo daga kudu ya amsa, tona shi.

Kuma kana da abin da ya fi kowane maɓalli, yana nan a kunnen 'yar Fulani na hagu: ɗan'uwan wanda ya ɓace. Roƙe ta ta ara maka. Na san kunya ba za ta bar ka ka kira sunanta ba, aiki yaro. Ɗaura masa zare mai tsawo, don na san ka, kana iya ɓatar da shi ya zama biyu babu. Aje shi a ƙasa, bi ta kansa da faifai, dubi lambar da ya bayar, saurari muryarsa. Juya shi a kwance, juya shi a tsaye, rufe shi da rairayi yatsa biyu, sannan yatsa huɗu, ka ga inda muryar take ɓacewa. Ka riƙe kukan nan yadda kake gane saniyarka da kukanta cikin duhu ko da garke ya gauraya. In inji bai ji shi a fili ba, to ka san ba zai ji ɗan'uwansa a ɓoye ba, sai ka ƙara kaifin ji ko ka buɗe lambar da ka toshe. Wannan gwajin na minti kaɗan ya fi yawon da ka yi duka.

Faifan da yaron ya bar maka, ɗan dogon nan mai siffar ƙwai, kada ka canja shi. Injin nan yana da faifai iri uku, mai kilohaz 3, mai 7.5, da mai 18.75. Na ƙarshen shi ne na masu zinariya, shi ya fi jin ƙananan abubuwa, kuma ƙanƙantarsa tana sa ya ratsa tsakanin shara. Mai 3 ya fi dacewa da manyan kwabban azurfa masu zurfi. Ka gode wa Allah ba siririyar sarƙa ta yar ba, don ita inji ɗai-ɗai yake jin ƙwayoyinta, sau da yawa sai ya wuce bai ce uffan ba.

Dalar azurfa kuwa ba ta da wuya. Na san ta, na sha ganinta tana walƙiya a kitson 'yar Fulani in ta sunkuya tana dama mini fura. Mai hoton sarauniya Mariya Tereza ce ta ƙasar Ostiriya, an rubuta 1780 a jikinta. Kada ka yi saurin cewa ta haura shekara ɗari biyu da arba'in, don duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan mutuwar sarauniyar wannan shekarar aka riƙa sa musu. Nauyinta giram 28, mafi yawansa azurfa. Abu mai wannan girma, in faifai ya bi ta kansa, lamba za ta haura sama, murya ta fito tangaran, ko kurma ya ji. Tunda ka yi ta yawo da manyan lambobi a buɗe ba ka same ta ba, ɗayan biyu ne: ko ƙafarka ba ta bi ta wurin ba, ko wani ya riga ka da ido. Ni na fi zargin na biyu. Azurfa mai faɗin bakin kofin shayi ba ta kwana a hanyar rijiya.

Na farkon ma yana yiwuwa, don an kwatanta mini tafiyarka: kana wurga faifai sama da ƙasa, kana sauri, yau gabas gobe yamma, duk inda zuciya ta raya maka. Tambayi 'yar Fulani inda ta sauke ƙwarya, inda ta gyara ɗankwali, inda ta sunkuya jan guga, inda ƙaya ta kama mata mayafi, don a irin wuraren nan kayan ado suke faɗuwa. Kafa kara huɗu ka kewaye wurin. Bi shi layi layi, kana jan ƙafa don ka ga inda ka wuce. Faifai ya kwanta dab da ƙasa, kada ya ɗaga a ƙarshen lilo, kowane lilo ya hau rabin na bayansa. In ya yi kuka, kada ka kai masa sara da hauya ka raba ɗan kunnen biyu. Ɗebi ƙasar da ƙwarya, tunda ita ba ƙarfe ba ce kuma gidanka ba a rasa ta, ka gitta ta a kan faifai. In kukan yana cikin ƙwarya, raba ƙasar biyu ka sake gittawa, har abin ya rage a tafin hannunka. Mutumin da zai bi saniya ɗaya kwana da kwanaki bai gaji ba, a ce ya kasa haƙurin fili mai taku ashirin?

Na ji kuma kana cewa in an watse kasuwa za ka riƙa bi kana tsintar kuɗi don ka mai da bijiminka. Sa maganaɗisu a kan 'yan dala goma da dala ashirin da ke aljihunka ka gani. Tsofaffin ba sa kamawa, amma cikin sababbin akwai masu mannewa, don baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Irin waɗannan lambarsu tsalle take yi, wani lokaci inji ya ɗauke su ƙusa ya yi shiru. Waɗanda za ka samu, da 'yan dala-dala, da wani tsohon anini mai huda da ya ƙetaro daga Nijeriya tun zamanin Ingilishi, ka lissafa ka gani ko za su biya batir huɗun da injin yake ci.

Sauran magana ba wasa a ciki, ko da yake daga bakina ta fito. Abin da ka tono wanda ba naka ba tsintuwa ce, kuma malamai sun ce a yi cigiyarta shekara guda. Ba a cusa ta cikin layar hula. Kada ka shiga gonar mutum sai da izninsa, kuma a wannan zamani da hankalin kowa yake tashe, kada a gan ka a bayan gari da na'ura mai wayoyi ba tare da maigari ya sani ba. Kufai da tsofaffin kaburbura kuwa ka bar su. Nijar tana da doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 da ta hana tonon kayan tarihi ba izni. Abin da ya sami Bura, can yankin Tera, ya isa misali: an gano wurin a 1975, Boube Gado ya yi aikin bincike a 1983, daga baya masu tonon sata suka bi yankin suka wawashe, kayan suka ƙare a kasuwannin Turai. In na ji an gan ka da injin nan wajen Lugu, inda Sarauniya ta tari sojan Voulet a 1899, ni da kaina zan kama ka. Mu Arawa can muna da dutsen Tunguma, wanda mutanen dauri suke kai wa magana in ta gagara, kuma ba a taɓa jin ya nemi batir ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Ba'are mai zane har kunne, wanda bai mallaki ko akuya ba, shi ne zai koya maka neman dukiya. Faɗi, bakinka ne. Amma tun kafin ka sake kunna inji, je ka ba mai shela ɗan goro ya zaga, a kuma yi cigiya a masallaci bayan sallar Juma'a, a tambayi 'yan matan da suka ɗebi ruwa ranar. In an yi haka an yi wancan ba a dace ba, akwai maƙeran farfaru a Dogon Dutsi, kai musu ɗan'uwan su ƙera irinsa, inji kuma ka nemi wani Bafillacen ka sauke masa.

Ranar kasuwa mai zuwa ina nan gindin bishiyar da ka sani. Zo da injin, da batir sababbi, da ɗan kunnen a ɗaure da zare, in saita maka da hannuna. Ladana ƙwaryar kindirmo ce da curin man shanu, ba wanda aka tsuga wa ruwan rijiya ba. In ɗan kunne ya fito, karsana. Kafin nan ka bi ramukan da ka haƙa a gonar ƙanena ka cike su, ruwan shuka ya kusa.